Daga Nagatif Zuwa Memori: Tarihin Hoto Yadda Na Gan Shi a Tambuwal

Yau na ɗan ajiye alƙalamin labarin soyayya, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun rasuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Bayan an share makoki ƙannena suka ce in kawo hotonta a wanke wa kowa. Na duba ko'ina babu ko ɗaya, don wayar da na riƙa ɗaukar ta da ita ta faɗa ruwa a hanyar Kebbe da damina, memorin kuma ya ƙi buɗewa. Ƙarshe hoton da ya fitar da mu kunya shi ne wanda aka ɗauke su ita da Baba a 1984, baƙi-da-fari, a ƙasan adakarta naɗe cikin ɗankwali, har da nagatif ɗinsa. Wannan ne ya sa na waiwayi tarihi.

Iyayenmu sun fara ganin hoto mai motsi ne ta hanyar majigi, tun zamanin Turawa. Mota ce ke zuwa gari da inji da farin ƙyalle, a kafa a fili bayan sallar isha'i, a nuna fina-finan noma da tsafta irin su Baban Larai. A birane kuma sai gidajen silima, kamar Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Duk waɗannan da zaren fim suke aiki, wanda ake naɗewa a faifai kamar kirtani. Da irinsa ne Adamu Halilu ya ɗauki Shaihu Umar a 1976, daga littafin Sir Abubakar Tafawa Balewa.

Mu kuwa da muka tashi a Tambuwal, mai hoto babban mutum ne, musamman ranar Sallah. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ci, ba gogewa ba sakewa, shi ya sa sai ya gyara maka zaman hula, ya ce kada ka ƙifta ido, sannan ya danna. Baƙi-da-fari shi yake wanke abinsa a ɗaki mai duhu, amma mai kala sai fim ya cika ya ba direba a kai Sakkwato. Mutanen Kebbe da ƙauyukanta sukan yi mako biyu suna jira, wani lokaci su zo a ce musu fim ya ƙone, kwalliyar Sallah ta tafi a banza. To amma wanda ya fito fa, ya zama dukiya. Sai a sa shi a albam, baƙo ya zo a miƙa masa bayan ruwan sha.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Kaset ba dijital ba ne, amma shi ya fara karya kadarin zaren fim, don arharsa ta sa talaka ma ya iya shirya fim. Mu marubuta mun ci moriyarsa, domin ta nan littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka koma fim. Sangaya ya fito a 1999, sai faifan CD ya ture kaset, wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ba a daɗe ba masu kyamara suka cika aljihun jama'a. Abin mamaki, wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ne ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, ita ce kuma ta ci kasuwar fim har kamfanin ya bayyana karayar arziki a 2012. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ban ce zamani bai yi rana ba. Yanzu ɗalibi a Kebbe zai ɗauki fasfo ya karɓa nan take, amarya ta ga hotonta kafin lalle ya bushe. Amma mai karatu, ina kaset-kaset ɗin da muka kalla muna samari? Fumfuna ta cinye wasu, faifan CD ya karce, memori ba ya sallama in zai mutu. Shaihu Umar kuwa, da aka daɗe ana zaton ya ɓace, an gano nagatif ɗinsa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara shi da kwamfuta, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ka ga tsoho ya adana, sabo ya farfaɗo.

Ni dai darasin da na koya, abin da muka sha wuya muka samu shi muka killace, wanda ya zo a ɓagas muka bar shi a waya har ya salwanta. Shawarata, in iyayenka na raye, zaɓi hotonsu ko guda biyu ka kai a wanke a takarda tun yau. Na Inna na 1984 mun wanke guda takwas, kowa ya rataya a ɗakinsa. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.