Bangon Kaset Ɗin Kyauta: Tarihin 'Yar Takardar da Masoya Suka Mayar Fagen Zane

A ƙarshen watan Agustan 1963, a wajen baje kolin kayan rediyo na birnin Berlin da ke Jamus, kamfanin Philips ya fito da wani ɗan abu na roba wanda bai kai tafin hannu ba. Shi ne kaset. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Lou Ottens, ɗan ƙasar Holan ne, kuma a masana'antar kamfanin da ke Hasselt ta Beljiyam suka ƙera shi. Tun kafin a fara aikin Ottens ya sa aka sassaƙo masa guntun katako daidai aljihun kwat ɗinsa, ya ce sabuwar na'urar kada ta wuce wannan girman. Burinsa bai wuce a samu abin naɗar magana mai sauƙin ɗauka ba. Bai san cewa ya buɗe ƙofar wata al'ada da za ta shafe shekaru fiye da talatin tana ƙulla zumunci da soyayya ba, wato mutum ya zaɓo waƙoƙi da kansa, ya naɗe su a kaset guda, ya ƙawata bangon da hannunsa, sannan ya miƙa wa wanda yake ƙauna.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan waƙoƙin da ke cikin irin waɗannan kaset. Abin da aka fi mantawa shi ne bangon, alhali a nan ne mai kyautar ya fi barin sawunsa.

Kafin kiɗa ya yi fuska

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane darajar bangon. A zamanin faifan garmaho, mafi yawan faifai a cikin takarda mai ruwan ƙasa ake sayar da su, ko a kwali marar ado wanda ba a rubuta komai a kai sai suna. A 1939 kamfanin Columbia na Amurka ya ɗauki wani matashi ɗan Brooklyn mai suna Alex Steinweiss aikin kula da zane-zane. Shi ya matsa wa shugabanninsa lamba a riƙa yi wa kundin faifai bango mai hoto. A 1940 aka fitar da na farko da ya tsara, kundin waƙoƙin Rodgers da Hart, ɗauke da hoton allon fitilun ƙofar wani gidan wasan kwaikwayo na New York. Ciniki ya ƙaru, sauran kamfanoni suka bi sahu. Da babban faifai mai dogon zango ya fito a 1948, shi ne dai ya tsara masa rigar kwali, mai faɗin kusan santimita 31 ta kowane gefe.

Daga nan bango ya zama sana'a mai zaman kanta. A Ingila, Peter Blake da Jann Haworth suka haɗa bangon faifan Sgt. Pepper na ƙungiyar Beatles a 1967, inda suka tara hotunan mashahuran mutane kamar taron biki. A Legas, Lemi Ghariokwu ya fara yi wa Fela Kuti zane a 1974 da faifan Alagbon Close, ya ci gaba har ya yi masa bango 26, kowanne da saƙonsa na siyasa. Masu sauraro suka saba da cewa kiɗa na zuwa da fuska. Sai dai har lokacin, ƙwararru ne kaɗai ke zana fuskar, kamfani kuma ke bugawa. Mai saye nasa kallo ne.

Filin da kamfani ya bari

Kaset ne ya sauya wannan. Philips ya yarda wasu kamfanoni su ƙera shi ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, bayan matsin lamba daga Sony, don haka ya bazu duniya cikin hanzari. TDK da Maxell da BASF da Sony suka cika kasuwa da kaset ɗin da ba a naɗi komai a ciki ba. Mai lamba C60 yana ɗaukar minti 30 a kowane gefe, mai lamba C90 kuma minti 45. A cikin kowane gidan kaset akwai 'yar takarda mai kauri da aka naɗe sau biyu. Fuskarta ba ta wuce santimita 10 a tsaye da shida da rabi a kwance ba, sai siririn gefe mai faɗin ɗan yatsa wanda ake gani idan an jera kaset a kanta, sai ɗan leɓen da ke lanƙwasawa ta baya. Kamfani ya ja layuka a kanta, ya sa A da B, ya haɗa da 'yan takardu masu gam na liƙawa a jikin kaset ɗin. Sauran ya bar wa mai saye.

Wannan ɗan fili da aka tanada don rubuta sunayen waƙoƙi kawai, shi mutane suka mayar fagen fasaha. A ranar 1 ga Yulin 1979 Sony ya fitar da Walkman, na'urar sauraro ta aljihu, wadda samfurinta na farko ke da ramin abin kunne guda biyu domin mutum biyu su saurara tare. Rediyo mai gidan kaset biyu ya biyo baya, kwafa ta zama aikin da ɗan makaranta zai yi a ɗakinsa. A shekarun 1980, a Amurka da Birtaniya da sauran ƙasashen Turai, kaset ɗin da aka haɗa da hannu ya zama toshin saurayi ga budurwa, tsarabar aboki ga aboki, guzurin ɗan'uwa mai tafiya makaranta nesa da gida.

Yadda ake yin aikin

Haɗa irin wannan kaset aiki ne na haƙuri, domin babu gaggawa a cikinsa. Waƙar minti huɗu sai an ba ta minti huɗunta. Mai haɗawa yana zaune gaban na'ura, yatsa a kan maɓallin dakatarwa, yana lissafin mintuna a gefen takarda don kada zare ya ƙare a tsakiyar waƙar ƙarshe. Kaset ɗin minti 90 kan cinye yini guda. Idan an gama, sai a ɓalle 'yan haƙoran robar da ke saman kaset ɗin, yadda ba wanda zai yi kuskuren naɗar wani abu a kai.

Sannan a juyo kan bango. Mai wayo ba ya fara rubutu sai naɗi ya kammala, don sau da yawa jerin waƙoƙi kan sauya a hanya. Wani yakan zare takardar kamfanin, ya ɗora ta kan farin kwali, ya bi gefenta da fensir, ya yanka da almakashi, ya bi layin naɗewa da bakin biron da tawadarsa ta ƙare don kwalin ya lanƙwasu ba tare da tsagewa ba. A fuskar sai a liƙa abin da ke hannu: hoton da aka yanko daga mujalla, guntun taswira, tikitin jirgin ƙasa, kan sarki, ko hoton mutum biyun da kyautar ta shafa. Masu son rubutu kamar na ɗab'i sukan sayi haruffan Letraset, wani kamfanin Landan, waɗanda ake gogawa ɗaya bayan ɗaya su manne a takarda. Wasu kuma suka kwaikwayi salon Jamie Reid, wanda a 1977 ya yi wa ƙungiyar Sex Pistols bango da haruffan da aka tsinto daga jaridu daban-daban. Na'urar fotokwafi ta ofis da ta laburare ta ƙara sauƙaƙa lamarin, domin tana rage babban hoto ya dawo daidai fuskar kaset.

Siririn gefen nan ya fi ko'ina wuya. A nan ake rubuta sunan da aka raɗa wa kaset ɗin, kuma shi ne abin da mai karɓa zai riƙa gani kullum a cikin jerin kaset ɗinsa. Kalma uku ko huɗu ne iyakar abin da zai ɗauka, sai an matse rubutu. Mutum yakan ɓata kwali biyu ko uku kafin ya samu yadda yake so. Saƙon da kunya ta hana a faɗa da baki kuma, a ɗan leɓen baya ake ɓoye shi, inda ba a gani sai an zaro takardar.

Dalilin wannan wahala a fili yake. Waƙoƙin ba na mai kyautar ba ne, wasu suka rera. Kaset ɗin ma kamfani ya ƙera. Abin da yake nasa shi kaɗai shi ne zaɓi da jeri da bango, kuma a cikin ukun nan bango ne ido ke fara gani. Kamar yadda a gidajenmu ba a aika wa maƙwabta abinci a buɗe sai an rufe kwanon da murfi mai kyau, haka su ma suka ga bai dace a miƙa waƙa tsirara ba.

Kamfanoni sun tayar da jijiyar wuya

Masu harkar faifai ba su ji daɗin wannan al'ada ba. A 1981 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Birtaniya ta ƙaddamar da kamfe mai cewa naɗar kaset a gida na kashe kiɗa, da tambarin kaset mai siffar ƙoƙon kan mutum a bisa ƙasusuwa biyu. Wasu mawaƙan ba su yarda ba. Tun a 1980 ƙungiyar Bow Wow Wow ta fitar da waƙa a kaset ta bar gefe ɗaya fanko don mai saye ya naɗi abin da yake so, kuma Dead Kennedys ta Amurka ta yi irin haka a 1981. Rigimar ta kai gaban alƙalai. A 1988 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke hukuncin cewa kamfanin Amstrad ba shi da laifi don ya sayar da rediyo mai gidan kaset biyu. A Amurka kuma dokar 1992 ta kare wanda ya naɗi kiɗa a gida don amfanin kansa ba don kasuwanci ba.

A ƙasar Hausa

Kaset ya yi tasiri ƙwarai a nan, sai dai ta wata hanya. Tun kafin zuwansa Bahaushe ya san kyautar waƙa, domin shirin Zaɓi Sonka na gidan rediyon Kaduna ya daɗe yana isar da gaisuwa da waƙa daga masoyi zuwa masoyi. Da kaset ya wadata, Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama babbar cibiyar cinikinsa, kamar yadda masanin nan Brian Larkin ya yi bayani a littafinsa na 2008 kan harkar sadarwa a Kano. Wanda ba shi da na'urar kwafa sai ya je shagon mai naɗar kaset, ya lissafa abin da yake so: Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Musa Ɗanƙwairo, Haruna Uji, ko waƙoƙin finafinan Indiya. Bangon yawanci rubutun biro ne, da boko ko da ajami, sunan mawaƙi da na waƙa, wani lokaci da sunan wanda za a kai wa. Haka kaset ɗin tafsirin azumi da na wa'azi suka riƙa zagayawa hannu da hannu, haka kuma iyalai suka riƙa naɗar muryoyinsu suna aika wa 'yan'uwa da ke Makka ko Sudan ko Kumasi. Adon bai kai na Turawa yawa ba, amma rubutun hannun nan shi ne kaɗai shaidar abin da ke cikin dubban kaset da ba kamfanin da ya taɓa yi wa rajista.

Daga faifan CD zuwa waya

A ƙarshen shekarun 1990 kwamfuta mai naɗar faifan CD ta yi araha. Fili ya ƙaru zuwa santimita 12 ta kowane gefe, firinta mai launi ta shigo gida, naɗin da ke cin yini ya koma na mintuna. Amma da aikin ya yi sauƙi, sai ado ya ragu, da yawa suka tsaya ga rubutun maka a jikin faifan. Daga nan sai kiɗa ya fara barin faifai gaba ɗaya, sababbin hanyoyin sauraro suka bayyana: Napster ya zo a 1999, iPod a 2001, Spotify a 2008. Yau jerin waƙoƙi ta waya ake turawa, kuma idan mutum bai sa hoto ba, manhajar da kanta take haɗa hotuna huɗu ta yi masa bango. A Sahel kuwa katin mimori da Bluetooth ne suka gaji kaset.

Duk da haka ba a manta ba. Marubuci Nick Hornby ya sanya haɗa kaset a tsakiyar labarinsa High Fidelity na 1995. A 2005 Thurston Moore, makaɗin ƙungiyar Sonic Youth, ya tattara hotunan irin waɗannan bangaye da labaransu a littafi guda. A 2014 fim ɗin Guardians of the Galaxy ya ɗora labarinsa kan kaset ɗin da uwa ta haɗa wa ɗanta, kuma kundin waƙoƙin fim ɗin, mai hoton kaset da rubutun hannu a bangonsa, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. Shi kuwa Lou Ottens ya rasu a watan Maris na 2021 yana da shekara 94, bayan an ƙiyasta cewa an sayar da kaset kusan biliyan 100 a duniya.

Zaren kaset yana lalacewa da zafi da danshi da ƙura, kuma na'urar da za ta kunna shi kullum ƙara wuya take yi. Takardar bangon, idan ta tsira daga gara da ruwa, takan fi zaren daɗewa, kuma ita ce ke faɗin wanda ya rera, wanda ya bayar da wanda aka bai wa. Don haka duk wanda ke da tsofaffin kaset a akwatin iyayensa, kada ya raba su da takardunsu, kuma ya ɗauki hoton kowace takarda ciki da waje kafin ya mayar da sautin zuwa kwamfuta. Cibiyoyin adana tarihi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Makama da ke Kano, su ma ya kamata su buɗe ƙofa su karɓi irin waɗannan kaya tun masu su na raye, suna iya bayanin abin da suka rubuta da wanda suka rubuta wa.