Rigakafin sanƙarau da abin da ya koya wa wani kamfanin Indiya

Duk wanda ya yi wayo a 1996 a Kano ko Katsina ba sai an gaya masa mene ne sanƙarau ba. A shekarar kaɗai cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000.

Akwai allurar rigakafi a lokacin, amma an yi ta ne da zallar sukarin da ke lulluɓe jikin ƙwayar cutar. Ba ta kama jikin ƙananan yara sosai, kariyarta kan dusashe bayan 'yan shekaru, kuma ba ta hana mutum yawo da ƙwayar a maƙogwaro yana yaɗa ta. Masana sun san gyaran: a ɗaure sukarin da wani furotin, sai garkuwar jiki ta riƙe kamannin ƙwayar ta daɗe ba ta manta ba. Ingila ta fara irin wannan allura a 1999, sai dai don nau'in C. Namu nau'in A ne, masu buƙatarsa kuma talakawa ne.

A 2001 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dala miliyan 70 aka kafa wani shiri tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, a ƙarƙashin Dokta Marc LaForce. Jami'an lafiya na Afirka suka ce in allura ɗaya ta wuce rabin dala, ba za su iya saye ba. Manyan kamfanoni suka ga babu riba a wannan farashi.

Wanda ya amsa shi ne Serum Institute da ke birnin Pune a Indiya, kamfanin da Cyrus Poonawalla ya kafa a 1966. Ya ƙware wajen yin tsofaffin allurai irin na ƙyanda da tetanus da yawa kuma da araha, amma bai taɓa fitar da irin wannan sabuwar ba. Sai aka raba aikin. Kamfanin SynCo na Amsterdam ya fara samar da sukarin, Serum ya kawo furotin na tetanus, dabarar ɗaurin kuwa ta fito daga ɗakin binciken hukumar FDA ta Amurka, inda Robert Lee da Carl Frasch suka ƙirƙiro ta.

Nan ne, a ganina, zuciyar labarin take. Ba kwalaben da aka gama haɗawa aka aika Pune a liƙa musu takarda ba. A ƙarshen 2003 masanan Serum suka je Amurka, suka shiga ɗakin binciken suka koyi dabarar da hannunsu. Da suka dawo, su ne suka sha wahalar mayar da abin da ake yi a 'yar kwalba ya zama na manyan tankuna. Duk wanda ya taɓa aikin ɗakin gwaji ya san abin da ya yi kyau a cokali ba lallai ya yi a tukunya ba. Kuma fa da Serum bai shafe shekara talatin da ɗoriya yana wannan sana'a ba, da koyarwar ta bi iska.

A Disambar 2010 aka fara allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta biyo a 2011. Farashinta bai kai rabin dalar ba. Nau'in A ya kusa ɓacewa a yankin.

Sanƙarau dai bai tafi ba. Nau'in C ya ɓarke a Nijar a 2015, ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017. Amma wannan karon akwai kamfanin da ya riga ya iya ɗaurin. Serum da PATH suka fitar da Pneumosil, rigakafin ciwon huhu na yara, a ƙarshen 2019, sannan MenFive mai kare nau'i biyar na sanƙarau a 2023. Najeriya ce ƙasar farko da ta fara yi wa jama'a ita, a 2024.