Mutumin da ke cikin akwati: yadda kulob ɗin dara na wata makarantar Harlem ya faro

Ni a Stapleton nake zaune, a gidan kawuna, shekara ta uku ke nan. Unguwa ce a bakin ruwa, a arewa maso gabashin tsibirin Staten Island, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin New York. In ka taso daga Manhattan sai ka hau jirgin ruwan fito, kyauta ne, minti 25 ka sauka a St. George, daga nan tasha ta biyu a jirgin ƙasa ita ce tamu. An kafa unguwar a 1836, daga baya Jamusawa suka cika ta da masana'antun giya. Yanzu kuwa in ka zauna a dandalin Tappen Park da la'asar, har Turancin mutanen Laberiya za ka ji, domin maƙwabtanmu ne a Park Hill.

Abin da ya jawo ni cikin tarihin nan ɗan kawuna ne, yaro ɗan shekara 12. Wata rana ya dawo daga laburaren unguwa da ke titin Canal ya ce, "Yaya, ka iya chess?" Na ce darar Turawa? Ya ce ita. Na ce a'a, ni tamu na sani, mai ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Ya ce wannan gidaje 64 ne, kowa da 'ya'ya 16, kuma shi abin da ke damunsa, a makarantarsu babu kulob. Na yi masa alkawarin zan bincika yadda wasu makarantun suka fara nasu. Alkawari kuwa kaya ne.

Kafin in ci gaba, wannan suna na "darar Turawa" da muke faɗa, aro ne kawai. Daga Indiya wasan ya fito, ya bi ta Farisa, Larabawa suka karɓe shi da sunan shaɗaranj, su suka kai shi Turai. Kuma ya zo har ƙofar gidanmu. A 1934 wani jami'in mulkin mallaka, C. K. Meek, ya rubuta cewa ya tarar ana buga shi a Borno da sunan tsatsarandi, inda sarki shi ne mai, na kusa da shi ciroma, na kusurwa kuma kaigama. Da na gaya wa Kawu haka sai ya ɗan sassauta, don da farko cewa ya yi, "Kai yaro, karatu aka turo ka yi ko dara?" Ya dai kafa sharaɗi biyu: ba kuɗi a ciki, ba kuma wasa a lokacin salla.

Binciken nawa a nan tsibirin ya fara, kuma sunan da na fara cin karo da shi shi ne Albert Hodges. An haife shi a Nashville a 1861, ya zo New York yana saurayi, ya yi aikin ofis a Sailors' Snug Harbor, gidan tsofaffin matuƙan jirgin ruwa da ke nan arewacin tsibirin, ba nisa da mu. A 1894 ya doke Jackson Showalter ya zama zakaran Amurka. Daga 1896 zuwa 1911 an yi karawa 13 tsakanin Amurka da Birtaniya, ana aika kowace tafiya ta wayar tangarahu da ke ƙarƙashin teku. Hodges ya buga dukkansu, ba a ci shi ko sau ɗaya ba. Shi ya kafa kulob ɗin dara na Staten Island, a tsibirin kuma ya rasu a 1944.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin da ya yi kafin ya yi suna. A wani gidan kallo na Manhattan mai suna Eden Musée akwai wani mutum-mutumi mai rawani, zaune a kan akwati, ana kiransa Ajeeb, wato dai abin al'ajabi. Ka biya kuɗi ka zauna, ya miƙa hannu ya tura 'ya'yan dara, ya lallasa ka. Mutane na fita suna ta mamaki, wai inji mai tunani. Alhali mutum ne a naɗe cikin akwatin, cikin zafi da duhu, yana leƙen allon yana motsa hannun. Hodges na cikin waɗanda suka yi wannan zaman. Ku riƙe mini wannan akwatin, za mu dawo kansa.

Kulob ɗin Hodges na magidanta ne. A zamaninsa, da ma bayansa da daɗewa, dara a New York harkar manya ce da ake yi a kulob-kulob na Manhattan, sai kuma wasu makarantu 'yan ƙalilan. A 1969 ne Bill Goichberg ya shirya gasar manyan makarantun sakandare ta ƙasa baki ɗaya ta farko. A 1972 Bobby Fischer, ɗan Brooklyn, ya ƙwace kambun duniya daga hannun Boris Spassky a Reykjavik, ƙasar ta ɗauki zazzaɓin dara na ɗan lokaci. Abin da ya kai wasan unguwannin talakawa a tsare shi ne shirin da Faneuil Adams, tsohon babban ma'aikacin kamfanin mai na Mobil, da malamin dara Bruce Pandolfini suka faro a 1986, wanda yau ake kira Chess in the Schools. Tsarin ba wuya: a sayi alluna, a biya ƙwararren ɗan wasa ya riƙa shiga makarantun gwamnati yana koyarwa.

To, ɗaya daga cikin makarantun da abin ya kama ƙasa ita ce ƙaramar sakandare mai lamba 43, wadda ke ɗauke da sunan Adam Clayton Powell Jr., a titi na 129 a Harlem. Daga Stapleton tafiya ce: jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sannan jirgin ƙarƙashin ƙasa har can arewacin Manhattan. Na je na tsaya a bakin titin wata Asabar, ba don komai ba sai don in ga wurin da idona. Harlem ta ƙarshen shekarun 1980 ba wannan ta yau ba ce mai shagunan shan gahawa. Lokacin ne hodar iblis mai arha ta ci unguwar, iyaye na fargabar hanyar da yaro zai bi ya dawo gida. Ɗakin da aka buɗe bayan an tashi makaranta, ko me ake yi a cikinsa, mafaka ne. Yaran suka raɗa wa kansu suna Raging Rooks, wato fusatattun hasumiyoyi, daga sunan ɗan darar nan na kusurwa da mutanen Borno ke ce wa kaigama.

Wanda aka turo musu ya horar da su shi ne dalilin da ya sa na zaɓi in kawo muku wannan labarin. Maurice Ashley baƙo ne kamar mu. An haife shi a Jamaika a 1966, ya zo Brooklyn yana ɗan shekara 12, ya tashi a unguwar Brownsville. A sakandare wani abokinsa ya cinye shi a dara, haushi ya kai shi laburare, ya ɗauko littafi ya duƙufa. Duk da haka bai samu shiga tawagar makarantarsu ta Brooklyn Tech ba, ba a ga ya isa ba. A wuraren shaƙatawa na Brooklyn ya goge, wajen manyan baƙar fata masu buga wasan sauri da baƙar magana. Lokacin da ya karɓi yaran Harlem ɗalibin jami'a ne a City College, wadda ke 'yan tituna kaɗan daga makarantar. Ɗalibi ne mai neman na kashewa a gefen karatu, irin aikin da da yawanmu muke yi a nan.

Yadda ya koyar ya saɓa wa al'ada. Yawancin malamai daga buɗe wasa suke farawa, a jera 'ya'ya 32, a ce yaro ya haddace tafiya goma ta farko. Ashley daga ƙarshe ya faro. Ya bar 'ya'ya kaɗan a kan allo, ya ce to, ga sarkin abokin gaba, ku kama shi. Yaro ya ɗanɗana daɗin ci tun ranar farko, sannan shi da kansa zai dawo yana tambayar yadda ake kaiwa nan. Yana yi musu bayani da yaren ƙwallon kwando, yana ihu kamar mai sharhin wasa a rediyo. Wani abu kuma da na ga ya fi duka muhimmanci: a gasa dole ne ɗan wasa ya rubuta kowace tafiya a takarda. Sai ya mai da wannan takardar littafin karatu. Bayan wasa a taru, a sake jera abin da ya faru, kowa ya ga inda ɗan uwansa ya yi kuskure, su faɗa wa juna. Yaron da aka saba gaya masa ba ya ja a aji, ga shi yana kare dalilin da ya sa ya tura doki can maimakon nan.

A watan Afrilun 1991 suka tafi Dearborn a jihar Michigan, gasar ƙananan sakandare ta ƙasa. Zagaye bakwai ake yi, a tara makin mutum huɗu mafi ƙwazo na kowace makaranta. Wadda kowa ke tsoro ita ce Dalton, makarantar kuɗi ta 'ya'yan attajiran Manhattan, wadda ta saba ɗaukar kofin, yaranta kuma tun suna 'yan firamare ake horar da su. A zagayen ƙarshe kyaftin ɗin yaran Harlem ya doke gwanin Dalton. Da aka tara maki, Raging Rooks suka yi kunnen doki a matsayi na ɗaya da makarantar Masterman ta Philadelphia, Dalton na bayansu. Jaridar New York Times ta sa labarin a shafin farko. Ashley na da shekara 25.

Nan ne zan dawo kan akwatin. Yadda aka riƙa ba da labarin nan, har yau ma, kamar wani abin al'ajabi ne ya sauko a Harlem. Ni wannan yabon bai kwanta mini ba, domin a ƙarƙashinsa akwai raini: mamakin me ake yi, in ba an ɗauka tun farko cewa ƙwaƙwalwar yaran ba za ta iya ba? Ba su ne ma na farko ba. Makarantar Vaux ta unguwar baƙar fata a Philadelphia ta ci wannan gasar sau bakwai a jere, daga 1977 zuwa 1983. In ka buɗe akwatin Harlem, mutane za ka tarar a naɗe: wanda ya biya albashin koci, malamin makarantar da ya yarda ya tsaya bayan an tashi ya riƙe mabuɗin ɗaki, wanda ya biya kuɗin hanya da masauki zuwa Dearborn mai nisan kusan kilomita 1,000, da iyayen da suka sa hannu a takardar izini. Dalton tana da waɗannan duka tun fil azal. Makaranta mai lamba 43 ta same su na 'yan shekaru, sai ga sakamako.

Shaidar ita ce abin da ya biyo baya. Ashley ya koma wata makarantar Harlem, Mott Hall, yaranta masu suna Dark Knights su ma suka ci gasar ƙasa a 1994 da 1995. Daga nan ya ajiye koyarwa ya koma kan nasa wasan, a 1999 ya zama baƙar fata na farko a duniya da ya kai matsayin grandmaster, ƙololuwar daraja a dara. Wanda fa aka ce bai isa shiga tawagar makarantarsu ba.

Mu 'yan Najeriya muna da namu a wannan silsilar. Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka baro gida a 2017 saboda barazanar Boko Haram, a kulob ɗin makarantar firamare ta gwamnati mai lamba 116 a Manhattan ya koyi dara, suna kwana a gidan marasa matsuguni. Kuɗin shiga kulob ɗin ya fi ƙarfinsu, mai kula da shi ya yafe. A watan Maris na 2019, yana ɗan shekara 8, ya ci gasar jihar New York ta ajinsa. Duniya ta ga yaron da kofi. Ni dai yafe kuɗin nan nake kallo.

Da na gama tattara duk wannan, sai na ga ba ni da sauran uzuri. Na koyi wasan a waya, ɗan kawuna na cinye ni kullum yana dariya. Na rubuta wa makarantarsu wasiƙa sau biyu, shiru. A karo na uku Kawu da kansa ya saka babbar riga ya raka ni, muka samu wata malamar lissafi ta ce za ta ba mu ajinta ranar Alhamis, awa ɗaya, in dai akwai babba da zai riƙa zuwa, kuma in an gama tantance shi. Babban nan ni ne. Na sayi alluna biyar na roba masu naɗewa da kuɗin aikin da nake yi a ƙarshen mako. Ranar farko yara shida suka zo, biyu don an ce akwai biskit. Na kwashe 'ya'yan na bar sarki biyu da hasumiya biyu, kamar yadda na karanta Ashley na yi, na ce su kama mini sarkin nan.

Yanzu mun kai 11, har da 'yan mata uku, ɗaya 'yar Laberiya ce da babu mai iya tsayawa gabanta, har ni. Na sayi littafin rubutu mai kauri, duk Alhamis ina sa kwanan wata da sunayen waɗanda suka zo da wanda ya ci wa. Karatuna zai ƙare a bazara mai zuwa, takardar zamana kuma tare da shi take ƙarewa. Malamar ta tambaye ni makon jiya wa zai karɓa. Na ce mata ina nema. In akwai ɗayanku da ke karatu a New York, wanda yammacin Alhamis ɗinsa ba kowa, jirgin ruwan dai kyauta ne, littafin da allunan kuma suna cikin kabad ɗin ajin.