Alkawari Kaya Ne: Yarjejeniyar Addis Ababa da Yaƙin Kudancin Sudan

A ƙarshen watan Fabrairun 1972, wakilan gwamnatin Sudan da na 'yan tawayen kudancin ƙasar suka sanya hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Addis Ababa, ƙarƙashin inuwar Sarkin Habasha Haile Selassie. A lokacin, Afirka ta ɗauki abin a matsayin misali, domin ba kasafai yaƙin basasa kan ƙare a kan tebur ba. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, mutumin da ya fi kowa cin moriyar yarjejeniyar, wato Shugaba Ja'afar Numeiri, shi ne ya rushe ta da hannunsa. Tarihin waɗannan shekaru yana nuna cewa sulhun da ya rataya a kan bukatar mutum guda ba ya wuce ranar da bukatar ta gushe.

Tushen rikicin ya girmi ƙasar kanta. A zamanin mulkin haɗin gwiwar Birtaniya da Masar, Turawa sun raba tafiyar da kudu da ta arewa, suka taƙaita shige da fice a tsakaninsu, suka bar ilimin kudu a hannun 'yan mishan. Da mulkin kai ya ƙarato, sai aka haɗe ɓangarorin biyu cikin gaggawa, kusan dukkan muƙaman da Turawa suka bari kuma suka faɗa hannun 'yan arewa. A watan Agustan 1955 sojojin kudu suka yi bore a garin Torit, 'yan watanni kafin samun 'yanci a ranar 1 ga Janairun 1956. An yi wa 'yan majalisar kudu alkawarin za a duba tsarin tarayya, amma da aka karɓi tuta sai aka watsar da zancen. Daga nan boren ya rikiɗe ya zama tawayen Anyanya, wanda daga baya Joseph Lagu ya haɗe kansa a ƙarƙashin jagoranci guda.

Numeiri ya ƙwace mulki a watan Mayun 1969. Cikin shekara biyu ya ɓata da kusan duk masu ƙarfi a arewa: ya murƙushe Ansar mabiya gidan Mahadi a tsibirin Aba a 1970, sannan ya hallaka shugabannin 'yan gurguzu bayan juyin mulkin da suka so yi masa a watan Yulin 1971. Ya wayi gari ba shi da madogara a Khartum, sai ya waiwayi kudu. Majalisar majami'u ta duniya da takwararta ta Afirka suka shiga tsakani, shi kuwa ya naɗa Abel Alier, lauya ɗan kudu, ya jagoranci tawagar gwamnati.

Abin da aka cimma ba ƙarami ba ne. An haɗa lardunan kudu uku, Equatoria da Bahrul Ghazal da Nilu ta Sama, suka zama yanki guda mai majalisar dokoki da majalisar zartarwa a Juba. An amince rundunar kudu ta ƙunshi soja 12,000, rabinsu daga mayaƙan Anyanya. Aka shigar da tsarin cikin kundin mulki na 1973, aka kuma gindaya cewa ba za a sauya shi ba sai da babban rinjaye a majalisar ƙasa tare da ƙuri'ar raba-gardama a kudu. 'Yan gudun hijira suka dawo gida, makarantu suka buɗe, manoma suka koma gonakinsu.

Sai dai akwai ɓaraka tun daga tushe. Manyan jam'iyyun arewa ba su halarci zaman Addis Ababa ba, saboda haka ba su ɗauki yarjejeniyar a matsayin tasu ba. A wurinsu, cinikin Numeiri ne da abokan gaba. A 1977, bayan yunƙurin kifar da shi da aka yi a 1976, Numeiri ya sasanta da Sadiƙ al-Mahadi da Hasan al-Turabi. Da ya sami sabuwar majingina a arewa, darajar kudu ta ragu a idonsa. A 1978 kamfanin Chevron ya gano man fetur kusa da Bentiu, cikin yankin kudu. Nan da nan gwamnati ta fara yunƙurin sake shata iyaka, ta kuma yanke shawarar gina matatar man a Kosti, wato a arewa. Aikin haƙa magudanar Jonglei, wadda za ta ƙara yawan ruwan Nilu da ke isa arewacin Sudan da Masar, ya ƙara wa mutanen kudu zargin cewa arzikinsu ake so, ba su ba.

Amma idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. 'Yan siyasar kudu sun rabu a kan muƙamai. Mutanen Equatoria da dama sun yi kukan cewa ƙabilar Dinka ta mamaye gwamnatin Juba, Joseph Lagu da kansa ya goyi bayan a raba yankin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yunin 1983 Numeiri ya raba kudu gida uku da dokar shugaban ƙasa kawai, ba majalisa, ba ƙuri'ar jama'a. A watan Satumba ya ƙaƙaba wa ƙasar baki ɗaya dokokin da ya kira shari'ar Musulunci, har da kudun da akasarin mutanenta ba Musulmi ba ne. Ko Sadiƙ al-Mahadi bai yarda da yadda aka tsara su ba, ya soke su a fili, aka ɗaure shi.

Kafin wannan duka, a watan Mayu, sojojin bataliya ta 105 sun yi bore a garin Bor, suka ƙi umarnin a mayar da su arewa. Kanar John Garang ya bi su zuwa Habasha, inda ya kafa ƙungiyar SPLM da rundunarta. Yaƙi na biyu ya shafe sama da shekara 21, aka ƙiyasta ya ci rayuka kimanin miliyan biyu, galibinsu ta hanyar yunwa da cuta.

An yi ta neman sulhu ba a samu ba. A 1988 Garang ya cimma matsaya da Muhammad Usman al-Mirgani, amma juyin mulkin Umar al-Bashir na ranar 30 ga Yunin 1989 ya binne ta. Nijeriya ta karɓi baƙuncin tattaunawa a Abuja a 1992 da 1993, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka tashi baram-baram. Sai a Machakos ta ƙasar Kenya, a 2002, gwamnati ta amince kudu ta zaɓi makomarta, aka kammala babbar yarjejeniya a Nairobi ranar 9 ga Janairun 2005.

Duk wanda ya karanta sharuɗɗan 2005 zai ga tabon 1983 a jikinsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Garang ya ƙi yarda a narkar da mayaƙansa cikin sojan gwamnati kamar yadda aka yi wa Anyanya. Ya nemi rabin kuɗin man kudu a rubuce, da shaidu daga ƙasashen waje, da ƙuri'ar raba-gardama bayan shekara shida. Shi kansa yana fatan haɗaɗɗiyar Sudan mai adalci, amma ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙarshen watan Yulin 2005. A Janairun 2011 kusan kashi 99 cikin ɗari na masu zaɓe suka zaɓi ɓallewa.

Mutanen da suka gamsu da cin gashin kai a 1972 ba su yarda da komai ba a 2011 sai ƙasa tasu. Abin da ya sauya su shi ne alkawarin da aka karya. Rabuwar ma ba ta warkar da ciwon ba, domin a Disambar 2013 yaƙi ya ɓarke tsakanin Salva Kiir da Riek Machar, a kan tambayar da ta ruguza Addis Ababa: wa zai riƙe mulki, me kuma zai hana shi saɓa abin da ya ɗauka? Numeiri ya yi zaton yana yaga takarda ce a 1983. Taswirar ƙasarsa ya yaga, ko da yake sai bayan shekara 28 aka ga girman yagewar.