Babur Ba Takarda: Daga Bakin Dillali Zuwa Rantsuwar Kotu

A Kankiya da Kusada, babur ya riga takarda zama ɗan gari. Bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, malaman makaranta da ma'aikatan hukuma suka fara shigowa gari bisa Honda da Suzuki da Yamaha. Lokacin nan ƙasar Katsina na cikin Jihar Kaduna, sai a 1987 ta samu jiharta. Hukumar kiyaye haɗurra ta zo a 1988, lambar mota ta bai ɗaya a 1992. Kafin duk wannan ya kankama, babura da yawa sun riga sun sauya hannu sau biyu, sau uku, rasidin farko kuwa gara ta cinye ko damina ta jiƙe.

Cinikin bai tsaya ba, domin akwai tsohon tsarin da aka gada daga kara, inda ake sayar da shanu da jakai. Dillali ne shaida. Shi ya san mai kaya da ubansa, shi ke karɓar la'ada, shi kuma za a fara damƙewa idan abu ya zama na sata. A sallama, a kira mutum biyu su ji, wani lokaci a rubuta 'yar yarjejeniya a fallen littafin makaranta, a kai wa mai unguwa ya sa hannu. Gaskiyar magana, a garin da kowa ya san kowa, wannan ya fi hatimin ofis ƙarfi.

Abin ya fara kwancewa da shigowar Jincheng daga Sin da Boxer daga Indiya, masu araha, da bunƙasar acaɓa. Ga kuma waɗanda ake tsallakowa da su ta iyakar Nijar ba takardar kwastan. Babur ya daina zama na wane ɗan wane.

Sai ta'asar 'yan bindiga, waɗanda babur ne dokinsu. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar tsaro da ta rufe wasu hanyoyi, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana goyon mutum uku, ta kuma ambaci kasuwa ɗaya da sunanta: an haramta sayar da babur na hannu a Caranci. Kasuwar nan tana kan titin Katsina ne, maƙwabciyar Kankiya, nan mutanen yankin suka saba zuwa neman na hannu.

Tun daga nan mai babur mara takarda ke kwana da fargaba. Hanyar gyarawa sananniya ce, sai dai tana cin sawu. A samo takardar ciniki mai sa hannun mai sayarwa da shaidu. A je kotu a yi rantsuwa cewa takardun asali sun ɓata, a karɓo rahoton 'yan sanda. Jami'in duba ababen hawa ya leƙa lambar inji da ta jiki, ya tabbatar ba a goge ba, sannan ofishin lasisi na hukumar haraji ya karɓi kuɗi ya ba da lamba.

Inda aka fi maƙalewa shi ne matakin farko, idan mai sayarwar ya rasu ko ya tafi ci-rani Legas. A nan sai a koma neman dillalin da aka yi cinikin a gabansa, shi zai zo ya tsaya.