Wasiƙa Daga Faransa: Biranen Da Kogi Ya Raina

An yi mana dogon hutu a jami'a, na ajiye takardun bincike, na bi jirgin ruwan yawon buɗe ido na kwanaki, da farko a kogin Sen da ya ratsa Paris, daga baya a kogin Ron daga Liyon zuwa kudu. Na san wani zai ce, ai Paris da Liyon ba su bakin teku, ina ruwansu da tashar jirgin ruwa? To, ku biyo ni.

Tambarin birnin Paris kansa jirgin ruwa ne. A shekarar 1711 masu haƙa a ƙarƙashin cocin Notre-Dame suka tono wasu duwatsu masu rubutu, waɗanda ƙungiyar masu jiragen kogin Sen ta kafa tun zamanin Sarkin Rum Tiberiyus, kusan shekara 2,000 ke nan. Suna nan a gidan tarihi na Cluny, na je na gan su. Daga baya 'yan kasuwar ruwa suka yi ƙarfin da babu mai sauke giya, gishiri, hatsi ko itace a Paris sai da yardarsu, kuma shugabansu ne ya zama kamar magajin gari. Ɗaya daga cikinsu, Étienne Marcel, shi ya sayi gida a 1357 a wurin da ofishin magajin garin yake har yau. Filin gaban gidan shi ne mashigar jiragen, sunansa Grève, wato bakin gaɓa mai tsakuwa. Nan 'yan dako da leburori suke taruwa jiran aiki, kuma daga nan Faransawa suka samo kalmar da suke kiran yajin aiki da ita. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san ba su wasa da wannan kalma!

Liyon ta fi tsaya mini a rai. Rumawa suka kafa ta shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a kan tudun Fourvière, inda kogin Son yake haɗuwa da Ron. Kayan Bahar Rum su hauro ta Ron, na arewa su gangaro ta Son. A 1463 Sarki Louis na 11 ya ba garin izinin cin babbar kasuwa sau 4 a shekara, a 1536 kuma aka ba masaƙan siliki gata na musamman. Na zaga unguwar masaƙan, Croix-Rousse, inda ɗakuna suke da tsawon rufi saboda girman masaƙa, da wasu lunguna da ke ratsa cikin gidaje, waɗanda ake bi da ɗaurin siliki kada ruwan sama ya taɓa shi. Wallahi sai na tuna lungunan Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Masaƙan nan sun yi bore a 1831 da 1834 kan ƙarancin lada, sojoji suka murƙushe su.

Amma mutanen da mai yi mana jagora ya tsallake su ne matuƙan Ron. Gangarawa kudu kwanaki kaɗan ne, haurowa ita ce azaba. Sai a ɗaure jirage da igiya, dawakai masu yawa suna ja ta bakin gaɓa, a yi kusan wata guda kafin a iso Liyon. Akwai jagora, akwai zango, akwai ƙauyukan da abincinsu ya dogara ga saukar ayari. Ku gaya mini, mene ne bambancin wannan da madugu da fatakensa a hanyar Kano zuwa Agadas da Gadamas?

Ƙarshensu ma iri ɗaya ne. A Liyon ɗin aka gwada jirgin ruwa mai tururi a kogin Son a 1783, kuma cikin ƙarni na 19 irinsa suka kori dawakan. Sai layin dogo ya haɗa Paris da Liyon da Marsai a shekarun 1850, ya kwashe cinikin masu tururin su ma. Haka jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya suka nufi Ikko, ayarin hamada ya yi ta ja baya. A ganina bambancin shi ne nan sun koma wa koginsu. A 1933 suka kafa kamfanin kula da Ron, aka gina madatsu masu ba da lantarki da ƙofofin ruwa masu ɗaga jirgi su sauke shi. A ta Bollène jirginmu ya sauka kimanin mita 23 cikin wani rami na kankare, kowa ya yi tsit. Tashar kaya ta Liyon, wadda aka buɗe a 1938, tana aiki har yanzu, na ga jiragen mai da na kwantena a can.

Mafi yawan abokan tafiyata tsofaffi ne 'yan fansho daga Amurka da Jamus, hankalinsu yana kan coci da gonakin inabi. Ni kuwa nawa yana kan manyan zobban ƙarfe da ke jikin bangon gaɓa, inda ake ɗaure jiragen da.

Wasiƙa ta gaba zan ba ku labarin Abinyo da Arles, in Allah ya yarda. A gaishe da Hajiya da yara, a kuma ci gaba da sa ni a addu'a.