Daga gayya da adashi zuwa yarjejeniya a rubuce: tarihin haɗin gwiwa a ƙasarmu

 Ranar zagayowar kafuwar ƙungiyarmu ta sake zuwa. Bana kwamiti ya ga ya dace, maimakon jerin godiya kawai, mu waiwaya mu duba yadda aikin raya gari ta hanyar haɗa hannu ya taso a wannan yanki namu na Tambuwal da Kebbe. Dalili kuwa, akwai shawara a gabanmu, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Tun kafin a san wani abu wai shi rajista, kakanninmu suna da gayya. In rijiyar unguwa ta cushe, ko ruwa ya cinye hanya, mai unguwa ya sa a yi shela, maza su fito da fartanya da kwando, mata su ɗora tukunya su kai fura. Mata kuma suna da adashi. A zuba kowace ranar kasuwa, uwar adashi ta riƙe, wadda kwasarta ta zo ta ɗauka ta sayi akuya ko ta haɗa kayan ɗakin ɗiya. Ba takarda, ba hatimi. Kunya da sanin juna su ne jingina. Amma gayya aikin yini guda ce, adashi kuma yana ƙarewa da kwasar ƙarshe. Babu ɗayansu da ke tanadin abin da za a yi baɗi.

Tsari mai ɗorewa na farko da matan ƙasar nan suka sani shi ne na 'Yan Taru. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta kafa shi. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali daga ƙauyuka, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa alamar shugabanci. Jaji ta tattaro mata ta kai su wurinta su ɗauki karatu, su komo gida su koyar. Sukan tafi da hatsi da zuma da tufafi, ita kuma ta raba wa mabuƙata. A garuruwansu suna duba marasa lafiya, suna taimakon marayu da gajiyayyu. Mu nan abin bai yi mana nisa ba, tunda gidan sarautar Tambuwal zuriyar ɗan uwanta ne, Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Ku lura da yadda aka ɗinka abin: ilimi daga birni, shugaba daga cikin matan garin, kayan taimako daga rumbunansu. Shi ya sa bayan rasuwarta aikin bai mutu ba.

Ƙungiyar gama kai mai rajista da littafin kuɗi kuwa, da Turawa ta zo. Asalinta ana danganta shi da garin Rochdale na Ingila, inda ma'aikata 28 suka haɗa jari suka buɗe kanti a 1844. A Nijeriya, wani Bature mai suna Strickland ya rubuta rahoto a 1934, aka yi dokar ƙungiyoyin gama kai a 1935, Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1956. Sai dai ƙungiyoyin wancan lokaci a Arewa galibi na maza ne, manoman gyaɗa da auduga, don rancen damina da sayar da amfanin gona. Mata suna cikin gida suna ƙuli-ƙuli da daddawa da saƙa, kuɗinsu na asusu da ƙasan gado.

Sai 1987 ƙofa ta buɗe sosai, lokacin da Maryam Babangida ta fito da shirin Better Life na kyautata rayuwar matan karkara. A duk faɗin ƙasa aka yi ta yi wa ƙungiyoyin mata rajista, aka raba injinan niƙa da kekunan ɗinki, aka gina cibiyoyin koyon sana'a. A 1989 aka buɗe People's Bank don ba talaka rance ba jingina. Da mulki ya sauya, Maryam Abacha ta zo da shirin tallafa wa iyali a 1994, sannan FEAP a 1997, wanda ke ba da rance ta hannun ƙungiyoyi. A shekarar 2000 aka narkar da People's Bank da rancen FEAP cikin bankin manoma.

Ba za mu yi butulci ba, zamanin nan ne ya koya wa mata da yawa zaman taro da zaɓen shugaba da ma'aji. Amma manyanmu sun ga ƙarshen labarin da idonsu. Inji ya zo daga sama, ba a tambayi mata ko shi suke so ba. Bel ya tsinke, ba asusun gyara. Mai shirin ta bar mulki, ofis ya rufe, inji ya zama wurin kwanan kaji. Ƙungiyoyin da aka kafa don a karɓi rabo sun watse da rabon ya ƙare. Waɗanda suka rayu su ne masu adashinsu tun kafin shiri ya zo. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Masu ba da tallafin su ma sun ɗauki darasi. Shirin Fadama na farko, a farkon shekarun 1990, wanda Sakkwato na cikin jihohinsa, ya fi ƙarfi a kan rijiyoyin burtsatse na fadama da injinan ban ruwa. Amma da aka kai Fadama na uku, wanda ya game dukkan jihohi, sai aka ce ƙungiyoyi su zauna su rubuta tsarin ci gaban yankinsu da kansu, su kawo nasu kason, sannan a cika musu. Shirin IFAD na raya karkara da ya fara a 2003, wanda ya haɗa da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, shi ma ta hannun ƙungiyoyin raya gari ya bi. A shirin CSDP na Bankin Duniya da ya fara a 2009, ƙa'idar a wancan lokaci ita ce al'umma ta zaɓi aikin, ta naɗa kwamitinta, ta kawo kashi 10 cikin 100, ko da kuɗi ko da yashi da dutse da ƙarfin jiki. Wato an zagayo an dawo kan abin da Hausawa suka daɗe da faɗi: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To yanzu ga inda muke. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Kuchi ko Sanyinna zuwa kasuwa ya cinye ribar mai ƙaramin jari. Zubin da a da ke sayen tunkiya, yau da ƙyar ya sayi buhun dusa. Rashin tsaro ya taso da iyalai daga wasu ƙauyukan ƙasar Kebbe, ga mata da yara sun sauka gidajen 'yan uwa, famfo ɗaya, layi ya ninka. Buƙata ta fi ƙarfin adashinmu. Dole mu haɗa hannu da wasu: ƙaramar hukuma, iyayen ƙasa, kwamitin asibiti da na makaranta, ƙungiyoyin agaji, da ɗiyan garin nan da ke Sakkwato da Abuja da Legas. Abin dubawa shi ne yadda za mu shiga.

Ga abin da kwamiti ke kawo muku. Da farko, mu rubuta tsarinmu na shekara uku kafin kowa ya zo da nasa. Kowane reshe, daga Dogon Daji da Jabo har Margai da Girkau, ya zauna ya jera matsalolin unguwarsa, ya zaɓi uku mafi tsanani, ya faɗi abin da zai iya yi da kansa da abin da sai an taimaka. Na biyu, kada mu karɓi inji ko famfo sai an buɗe masa asusun gyara, an san mai zubawa da mai riƙe makulli. Na uku, duk filin da za a yi gini a kai, a samo takardarsa ta hannun mai gari da hakimi da sunan ƙungiya, kada wata rana magada su taso. Na huɗu, kowace yarjejeniya a rubuta ta da Hausa, a karanta a gaban taro kafin shugaba ta sa hannu. Na ƙarshe, littafin kuɗi ya kasance a buɗe, kowace mamba tana da ikon ta ce a karanta mata.

Mun san wasu za su ce wannan jan aiki ne, mai kyauta zai gaji ya wuce wani gari. Mai yiwuwa wani ya wuce. Amma tarihin da muka karanta yanzu ya nuna wanda ke gudun tambaya ba ya daɗewa ko an karɓe shi. Wanda ya zo da gaskiya kuwa, daɗi zai ji ya iske mata da tsarinsu a hannu da kasonsu a asusu.

Muna roƙon mazajenmu su bar matansu su halarci zaman rassa, ɗiyanmu 'yan makaranta su taimaka da rubutu da lissafi. A babban taro mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a a kan waɗannan sharuɗɗa biyar, kowace mamba ta zo da katinta da ra'ayinta. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka fara zubin farko, ya ba ƙasarmu lafiya, ya maimaita mana.